Wayar da Ke Cikin Bango: Nazarin Aikin Wuta a Wani Gida a Kano

Gidan da wannan nazari ya shafa gidan baffana ne, yayan mahaifina, a wata unguwa da ke wajen ganuwar birnin Kano. Na san lamarin tun daga tushe, domin da aka zo zango na biyu na aikin ni aka ɗora wa riƙe lissafin kuɗi da raka mai gyara kasuwa. Masu gyaran wuta biyu ne suka yi aiki a gidan cikin watanni kaɗan, kuma abin da ya sa na ga ya dace a rubuta labarin shi ne, bambancin da ke tsakaninsu ya bayyana tun kafin ko wannensu ya ɗauki filaya, amma ba wanda ya lura da shi a cikinmu sai da hayaƙi ya fito daga silin.

An gina gidan a ƙarshen shekarun 1980, zamanin da NEPA ke riƙe da wutar ƙasar nan gaba ɗaya. Ɗakuna huɗu ne da falo da kicin da banɗaki biyu da zaure. Wanda ya yi wayarin a wancan lokaci bai yi ha'inci ba, ya yi aiki ne daidai da bukatar gidan da ya gani, wato ƙwayayen fitila da fankoki da rediyo da talabijin da firji guda ɗaya. Ya raba wutar gida huɗu a wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fis irin na tangaran, wanda ake ɗaura wa siririyar waya da za ta tsinke idan nauyi ya yi yawa. Daga nan gidan ya ci gaba da girma, wayar kuwa tana nan yadda aka binne ta. An haƙa rijiyar burtsatse aka saka mata injin jan ruwa. Hajiya ta sayi firiza ta fara sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Babban ɗan gidan ya yi aure, aka yanka masa ɗaki da falo a tsakar gida, aka jawo masa wuta daga bayan soket ɗin falon Baffa, amarya kuma ta tare da hita da dutsen guga da risho na lantarki. Ita kuwa siririyar wayar fis, da ta dami mutane da tsinkewa, tuni wani ya maye gurbinta da zare uku na wayar jan ƙarfe, har an manta wanda ya yi hakan.

Akwai wani yanayi da ya kamata a fahimta, domin shi ne ya mayar da wannan rauni hatsari. Hukumar NERC, mai sa ido kan harkar wutar lantarki a Nijeriya, ta raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni bisa yawan sa'o'in da ake sa ran za su samu a rana, daga rukunin A mai sa'o'i 20 zuwa rukunin E mai sa'o'i 4, kuma layin gidan Baffa yana cikin na ƙasa-ƙasa. A irin wannan layi ba a amfani da wuta bi da bi. Da zarar yara sun yi ihun an kawo wuta, ko da tsakar dare ne, sai kowa ya ruga ya kunna abin da yake jira, mai guga ya jona, mai ruwan zafi ya jefa hita a bokiti, a tayar da injin ruwa a cika tanki, firiza kuma dama tana jone. Kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 janareta na rage wannan cunkoso, amma da mai ya yi tsada sai kowane aiki mai nauyi ya koma jiran wutar layi. Saboda haka nauyin da aka saba lissafawa a warwatse cikin yini guda, a wannan gida yana sauka ne a kan waya cikin rabin sa'a ɗaya.

Alamomin sun daɗe suna bayyana. Soket ɗin da ke bayan kujerar falo ya yi baƙi a gefe ɗaya, kuma wani lokaci ana jin ƙauri mai kama da na kifi, wanda shi ne warin robar soket idan ta fara toyewa. Fitilu kan dushe duk lokacin da injin ruwa ya tashi. Famfon banɗakin tsakar gida yana ɗan jan mutum idan ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, har yaran gidan suka koyi buɗe shi da silifas a hannu, jikin firiza ma haka. Ba wanda ya ɗauki waɗannan a matsayin ciwo ɗaya. Abin da ya sa aka nemi mai gyara ma ba su ba ne, na'urar sanyaya ɗaki ce da wani ɗan Baffa ya aiko masa da ita saboda zafin bazara, ana neman wanda zai jawo mata wuta.

Mai gyaran farko ɗan unguwa ne, matashi mai ladabi, wanda a majalisar ƙofar gida aka ce da Baffa ai shi yake wa kowa aiki. Ya koyi sana'ar a hannun wani tsohon mai wayarin, kuma kayan aikinsa tasta ne da filaya da sukundireba da salatif. Ya shigo, aka nuna masa inda za a kafa na'urar da soket ɗin da ya ƙone, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya faɗi kuɗi a dunƙule, kaya da aiki. Bai tambayi abin da ke kan layin ba, bai buɗe akwatin fis ba sai da aka gama ciniki. Baffa ɗan kasuwa ne da ya shekara arba'in yana taya kaya, don haka ya taya kusan rabin abin da aka faɗa, aka yi ta ja har aka tsaya a ɗan sama da rabi. Yaron ya ce, "Alhaji, wallahi ba riba, amma kai uba ne, Allah ya sa albarka." Aka ba shi kuɗin duka a hannu, ba takarda, ba jerin kaya, ba rasit.

A yini ɗaya ya gama. Ya canja soket, ya cire tsohon akwatin fis ya kafa ƙaramin akwati mai bireka, abin da kowa ya yaba domin ya fi kyan gani. Wayar da ta fito daga akwatin zuwa falo ya ga ta tsufa, sai ya yanke ta ya ja sabuwa ta cikin silin, ya murɗe ta da tsofaffin wayoyin da suka tafi falo da ɓangaren ango, ya haɗa da ta na'urar sanyaya ɗaki a wuri ɗaya, ya naɗe da salatif ya bari a kan katakon rufi. Kwana biyu bayan haka bireka ta fara faɗuwa duk daren da aka kawo wuta. Aka kira shi, ya ce birekar ce ƙarama, ya cire mai amfiya 20 ya saka mai amfiya 32 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), kuma daga ranar ba ta sake faɗuwa ba. Baffa har ya ƙara masa na shan ruwa.

A nan ne babban kuskuren yake, kuma kuskure ne da ake maimaitawa a gidaje da yawa saboda yana kama da gyara. Aikin bireka shi ne ta kare wayar da ke bayanta, ta yanke wuta kafin wayar ta yi zafin da zai narkar da robarta. Wayar soket da masu sana'ar ke kira tu-foyin-faif, mai kaurin murabba'in milimita 2.5, idan ta jan ƙarfe ce tsantsa kuma tana cikin fayif a bango, abin da take ɗauka lafiya bai wuce amfiya 20 da 'yan kai ba. Wannan lissafi ma an gina shi ne a kan zafin yanayi na digiri 30, alhali a Kano zafin Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa, balle a cikin silin ƙarƙashin kwano, kuma a digiri 40 sai an rage kusan kashi 13 cikin 100 na abin da wayar za ta iya ɗauka. Faɗuwar bireka mai amfiya 20 gaskiya take faɗa, tana cewa nauyi ya wuce ƙima. Da aka saka mai 32 sai aka toshe bakin mai shaida, nauyin yana nan, wayar ce ta koma ɗaukar hukuncin.

Bayan mako uku, wajen ƙarfe biyun dare aka kawo wuta. Hajiya ce ta tashi duba firiza, ta ji ƙauri, ta ɗaga fitilar waya ta ga hayaƙi yana tsiyayowa ta gefen fankar falo. Allah ya taimaka ango ya san inda katawut yake, wato babban fis ɗin da ke yanke wutar gidan duka, ya fizge shi, maƙwabta suka hau da tsani suka ɓalle silin, aka zuba yashi a kan katakon da ya fara ci. Wani ya taho da bokitin ruwa aka riƙe shi, domin a lokacin ba wanda ya tabbatar wutar ta yanke gaba ɗaya. Asarar ba ta wuce silin biyu da katako ɗaya da buhun tsofaffin littattafai da aka ajiye a sama ba. Da gari ya waye aka sauko da mahaɗar, ta zama dunƙulen baƙar roba kamar ƙonannen ƙosai, birekar kuwa tana tsaye a kunne.

Mai gyara na biyu ta hannun wani abokin Baffa mai kwangilar gine-gine aka same shi. Magidanci ne da ya yi kwalejin fasaha, yana da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, yana kuma da shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa aka ɗora mata duba ingancin kayan wuta da tantance masu aikin wayarin. Ni ban taɓa sanin ana neman irin wannan takarda a wurin mai gyaran wuta ba, kuma ina zaton yawancin magidanta haka suke. Farkon haɗuwarsa da Baffa bai yi daɗi ba, domin ya ce ba zai faɗi kuɗin aiki ba sai ya binciki gidan, binciken kuma akwai kuɗinsa. Baffa ya ce shi bai taɓa jin an biya mutum kuɗin kallo ba. Mai gyaran ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, in na faɗi kuɗi yanzu, ko dai na cuce ka ko na cuci kaina, kuma in na ga zan faɗi, a jikin wayarka zan fanshe." Wannan magana ce ta sa Baffa ya yi shiru ya biya, domin ɗan kasuwa ya gane ta sarai.

Binciken ya ci rabin yini. Aka yi wa matan gida magana, wani yaro yana gaba yana sallama, ya shiga ɗaki-ɗaki da littafi yana juya kowace na'ura yana karanta ƙarfin da aka rubuta a jikinta. A kan layin da ya ƙone kaɗai ya samu na'urar sanyaya ɗaki mai cin kusan wat 1,200, firiza kusan 200, dutsen guga 1,200, hitar amarya 2,000, da rishonta 1,500. Jimilla wat 6,100, wanda idan aka raba da bolt 230 na wutar Nijeriya ya ba da amfiya 26 da ɗoriya. Ya rubuta lambobi uku a bayan kwalin sabulu ya miƙa wa Baffa, 20 da 26 da 32, ya ce ta farko ƙarfin waya ce, ta biyu kayan da aka ɗora mata, ta uku kuma inda mai gadi zai farka. Ya ƙara da cewa zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, idan nauyi ya ninka sau biyu zafi sau huɗu yake ninkawa, kuma wurin da aka murɗe waya da hannu ba a ɗaure da sukuru ba ya fi ko'ina ɗaukar zafi.

Sai kuma ya yanko guntun sabuwar wayar da mai gyaran farko ya ja, daga ɓangaren da wuta ba ta taɓa ba. A jikin robar an buga 2.5 ɓaro-ɓaro. Ya feɗe ta, ya kankare zare ɗaya da wuƙa, jan launin ya tafi kamar fenti, fari ya bayyana a ƙasa. Ya kunna ashana ya kara, zaren ya lanƙwashe ya zube nan take, alhali guntun tsohuwar wayar gidan da ya gwada a gefe ja kawai ta yi ta tsaya. Alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam kuwa kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi take iya wucewa da shi a kauri ɗaya, ga ta da saurin sakin jiki a mahaɗa. Wato tsohuwar wayar da aka yanke aka yar saboda ta tsufa ta fi sabuwar da aka saka inganci nesa ba kusa ba.

Sauran abin da ya gano ya fi wannan tayar da hankali, ko da yake ba shi ya jawo gobarar ba. Gidan ba shi da wayar ƙasa mai aiki. Koriyar wayar tana nan a wasu soket, a wasu an datse ta an tura baya, ƙarfen da aka kafa a ƙasa tun ginin gidan kuwa tsatsa ta cinye shi har ya rabu da wayarsa. Wannan ne dalilin da famfo da firiza ke jan mutane, domin wutar da ta yoyo zuwa jikin ƙarfe ba ta da hanyar komawa ƙasa sai ta jikin wanda ya taɓa. A ɗakuna biyu an ɗora makunni a kan baƙar waya maimakon ja, saboda haka ko an kashe fitila mazaunin ƙwan yana ɗauke da wuta. A ɓangaren ango kuma ya tarar da waya mai filogi a kowane baki, wadda ake jona ƙaramin janareta da ita kai tsaye a soket. Ya ɗauke ta ya sa a jakarsa, ya ce duk ranar da aka manta ba a cire katawut ba, wutar janaretan za ta bi layi ta fita waje, ta iya kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton layin a mace yake.

Batun mai gyaran farko an kai shi gaban tsohon da ya koya masa aiki, aka zauna a zaure. Yaron bai yi musu ba. Ya ce kuɗin da aka ba shi ba za su sayi waya ta gaske da bireka su bar masa ko na abinci ba, mai shago kuma ya ce masa wannan ma tana yi. Ubangidan nasa ya yi masa faɗa sosai a kan canja bireka, ya sa ya mayar da kuɗin aikinsa, Baffa ya yafe sauran. A ganina hukuncin ya yi daidai, domin laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Yaron ya yi laifi biyu, ya karɓi aikin da ya san kuɗinsa bai kai ba bai faɗa ba, sannan ya yi wa bireka abin da ko ɗan koyo bai kamata ya yi ba. Amma tsarin jingar da aka yi, kaya da aiki a dunƙule sannan a taya rabi, tsari ne da ke tura mai aiki ya nemi ribarsa a wurin da maigida ba zai gani ba, kuma a aikin wuta wannan wuri shi ne kaurin jan ƙarfen da ke cikin roba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tayin da ke aiki a kan shadda, wadda mai saye zai murza ya ɗaga wa rana, ba ya aiki a kan abin da za a rufe da silin.

Yarjejeniya ta biyu an rubuta ta a takarda shafi biyu, kowa ya sa hannu, ni da ɗan kwangilar muka shaida. An raba kuɗin aiki daban da kuɗin kaya. Injiniya, kamar yadda kowa ya koma kiransa, shi zai rubuta jerin kaya da girmansu, mu za mu biya a kasuwa yana tsaye, rasit a hannunmu, abin da ya rage kuma na gida ne. Kuɗin aikinsa kashi uku, na farko kafin alƙalami, na biyu idan an gama jan waya, na uku sai an yi gwaji a gabanmu. An kuma rubuta cewa ba za a yi filasta a kan kowane fayif ba, ba za a mayar da silin ba, sai ɗan kwangilar ya zo ya gani. Shi da kansa ya kawo shawarar a raba aikin mataki-mataki saboda kuɗi ba za su fito lokaci ɗaya ba, a fara da abin da zai iya kashe mutum, wato akwatin rarraba wuta da wayar ƙasa da makunnin sauya layi tsakanin janareta da wutar gari, sannan layukan soket, fitilu kuma su jira.

Ranar kasuwa na koyi abin da ban sani ba. A Nijeriya ana ƙera waya mai kyau, kamfanoni irin su Cutix na Nnewi da Coleman da Nigerchin sanannu ne a wurin masu sana'ar, kuma hukumar SON tana da tambarin inganci da ake bugawa a kayan da aka ƙera a gida. Sai dai suna da tambari duk ana kwaikwayonsu, shi ya sa Injiniya bai tsaya a kan rubutun leda ba. Kowane naɗi sai ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya sa a yanko ɗan baki ya kankare, ya auna kaurin zaren da wani ƙaramin ma'auni da ya zo da shi. A shago na farko mai kaya ya tambaye mu, ba tare da jin kunya ba, ko ta aiki muke so ko ta kwangila, kuma tazarar farashinsu ta isa ta bayyana yadda yaron farko ya iya karɓar rabin kuɗi. Mun sayi 2.5 domin soket, 4 domin na'urar sanyaya ɗaki da injin ruwa kowanne da layinsa, 6 domin kicin da ɓangaren ango. Na lura mai shagon da muka saya a wurinsa ya ja Injiniya gefe, na kuma san la'ada ce ake magana. Da na tambaye shi a mota bai ɓoye ba, ya ce al'adar kasuwa ce, ya sa an cire ta daga farashi, rasit ɗin kuma ya nuna haka.

Wani abu da ya ƙi yi ya jawo ɗan saɓani. Wayar da ta sauko daga turke zuwa mita ta yi wa sabon nauyin gidan ƙanƙanta, Baffa ya ce a canja ta gaba ɗaya a huta. Injiniya ya ce iyakarsa daga bayan mita zuwa cikin gida, mita da abin da ke gabanta hurumin kamfanin rarraba wuta ne, wanda a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO tun bayan sayar da kamfanonin wuta a 2013, don haka sai an rubuta musu sun turo ma'aikatansu. Wani maƙwabci da ke tsaye ya ce ai tunda ana aiki, a zagaye mita da layin na'urar sanyaya ɗaki kawai, kowa haka yake yi. Injiniya ya ce wannan satar wuta ce a ƙarƙashin dokar wutar lantarki ta 2023, takardarsa za ta iya tafiya a kai, kuma layin da aka zagaye mita da shi yawanci ba ya bi ta kowace bireka, wato an sake gina abin da ya ƙona silin ke nan. Aka rubuta takardar, aka jira.

Kafa ƙarfen ƙasa ya ɗauki lokaci fiye da yadda na zata. Ƙasar Kano da rani busasshiya ce, busasshiyar ƙasa kuma ba ta karɓar wuta da kyau, saboda haka da ya kafa sanda ɗaya ya auna bai gamsu ba, sai ya ƙara ta biyu a nesa da ita kusa da magudanar wanke-wanke inda damshi ba ya yankewa, ya haɗa su. Wani dattijo ya ce a zuba gishiri da gawayi a ramin kamar yadda aka saba. Injiniya ya ce gishiri yana gyara awo a yau, amma shi ne ke cinye ƙarfen a 'yan shekaru, wataƙila ma shi ya ci na farko. A sabon akwatin ya saka wata bireka ta daban mai gane yoyon wuta, wadda ke kwatanta abin da ya fita ta jar waya da abin da ya dawo ta baƙa, idan bambancin ya kai kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ta yanke cikin ƙiftawar ido.

Wannan birekar ce ta kusa ɓata tsakaninsa da gidan. Daren farko ta faɗi sau uku, kowa ya tuna da birekar yaron farko, Hajiya ta aiko a gaya wa Injiniya ya cire wannan abu mai fitina. Ya zo da safe, ya kashe layuka duka ya riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi a kan layin injin ruwa. Aka tone wayar da ta tafi rijiya, aka tarar da mahaɗa a binne cikin ƙasa an naɗe ta da leda da salatif, ruwa ya shige ta. Shekara da shekaru wutar da ke jan yara a famfo daga nan take fitowa. Bayan kwana biyu ta sake faɗuwa, wannan karon hitar amarya ce da bakinta ya tsage, wadda ake jefawa a bokitin ƙarfe a cikin banɗaki. Ango ya sayo wata, ba a sake maganar cire birekar ba.

Kada a ɗauka mai gyara na biyu ba shi da nasa aibi. Ya yi alkawarin kwana 10, aikin ya kai kusan wata guda, domin a tsakiya ya karɓi wani aiki a wani gari ya bar mana yaransa biyu, kuma sai da ɗan kwangilar ya sa suka sake wani layi da suka cusa wayoyi da yawa a fayif ɗaya. Lissafin wayarsa ya gaza da naɗi ɗaya, muka koma kasuwa farashi ya riga ya motsa. Takardar sakamakon gwaji kuma sai da na yi ta bibiya, kuma na tabbata da ba a riƙe kason ƙarshe na kuɗinsa ba da har yau ana cewa gobe. Shaidar hukuma ta nuna mutum ya san aiki, amma abin da ya tsare mu daga jinkirinsa da sakacin yaransa shi ne takardar da aka sa wa hannu da idon mutum na uku. A ranar gwajin ya cire kowace na'ura, ya bi layi-layi da abin auna lafiyar robar waya da suke kira mega, mai tura bolt 500, ya gwada kowane soket ya tabbatar ja da baƙa da kore suna mazauninsu, ya danna maɓallin gwajin birekar yoyo a gaban Baffa, sannan ya liƙa takarda a murfin akwatin da ke nuna wace bireka ce ta wane ɗaki, da Hausa, domin matan gida su iya karantawa.

Maganar sola ta zo daga baya kuma ba ta ba da wahala ba, saboda tun a lokacin jan waya an ware fitilu da fankoki da firiza da soket ɗaya a kowane ɗaki a wani ƙaramin akwati na daban, ta yadda inbata za ta ɗauke su kaɗai ba tare da wani ya jona dutsen guga ya durƙusar da batir ba. Masu solar da suka zo yini ɗaya suka yi.

Da na haɗa lissafi a ƙarshe, kuɗin kaya sun ninka kuɗin aiki fiye da sau uku, kuma waya kaɗai ta cinye fiye da rabin kuɗin kayan. Wannan ya nuna mini cewa duk rangwamen da Baffa ya yi ta nema a kan mai gyaran farko, ko da yaron ya yi aikin kyauta, ba zai cike giɓin da ke tsakanin wayar aiki da wayar kwangila ba. Kuɗin binciken da aka yi gardama a kansu kuwa ba su kai kuɗin silin biyun da suka ƙone ba.

Layin fitilun ɗakuna biyu na baya har yanzu tsohuwar wayar ce, an dai gyara makunnansu, an rage birekarsu zuwa amfiya 6, kuma awon da aka yi musu ya nuna za su iya jira. Baffa ya ce sai bayan bikin autarsa. Dunƙulen ƙonanniyar mahaɗar yana cikin aljihun teburinsa na kasuwa tare da kwalin sabulun nan mai lambobi uku, kuma yaron farko, wanda yanzu yake bin Injiniya wasu ayyukan, shi aka ce zai ja wayar ɗakunan idan lokacin ya yi.